Yawon Ɗanɗano a Birni da Tukunyar da Aka Bari a Bakin Ruwan Yawuri

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta samu gindin zama a tsakanin matasan manyan birane, musamman Abuja da Kano da Kaduna. Saurayi ko budurwa kan ɗauki waya su bi gidajen cin abinci ɗaya bayan ɗaya, yau a gidan 'yan Labanan, gobe a na 'yan Sin, jibi a na Indiyawa ko Turkawa, suna ɗaukar hoton akushi kafin su sa hannu, suna faɗin sunan abincin da kuɗinsa da yadda ya zauna musu a harshe. Unguwannin Wuse da Maitama a Abuja, da Nasarawa da Bompai a Kano, su ne fagen wannan yawo, sannan Instagram da TikTok su ne dandalin da ake baje labarinsa. Wasu dattawa na kallon abin a matsayin almubazzaranci, wasu kuma na ganin alamar sakin al'ada ce. Duk hukuncin biyu an yanke su da gaggawa. Mutumin da ya tashi takanas don ya san abin da wata al'umma ke ci, ya tambayi sunansa, ya ɗanɗana, ya ba da labari, ya yi rabin aikin da ake horar da ɗalibin al'ada ya yi, ko da kuwa bai san ya yi ba.

Abin da ya cancanci manazarta Hausa su tsaya a kansa shi ne rabon da wannan yawo ya ƙara kafawa a bakin jama'a: abinci kashi biyu ne, na ƙasashen waje da na gargajiya. Na farko shi ne mai yawa, mai launi-launi, wanda ake fita nema. Na biyu kuwa guda ɗaya ne, an san shi, an gama da shi: tuwo da miyar kuka, fura da nono, ɗanwake, waina, dambu. Wannan rabo bai tsaya a waya ba. Ya daɗe a cikin kundayen digiri, inda babin abincin Bahaushe kan zo da jeri iri ɗaya, kundi na gado daga kundi, kamar dai ƙasar Hausa duka murhu ɗaya gare ta, kuma murhun yana tsakanin Kano da Katsina da Sakkwato. Masarautar Yawuri, da ƙananan hukumominta uku na Yawuri da Ngaski da Shanga a kudancin Jihar Kabi, ta isa ta rushe wannan zato, kuma lokacin da za a iya yin aikin da ya dace a kanta yana ƙurewa.

Tun kafin a je Yawuri, harshen Hausa da kansa ya ƙi amincewa da rabon. Albasa da alkama da alkubus da gurasa da shayi duk sunaye ne da suka fito daga Larabci. Masara na ɗauke da sunan ƙasar da aka ɗauka ta biyo, alhali asalinta nahiyar Amurka ce, kamar rogo da gyaɗa da tumatir da barkono. Agushi da teba da alala daga Yarbanci suka shigo. Idan aka cire duk baƙin nan daga tukunyar da ake kira ta gargajiya, miyar da za ta rage ba kowa ne zai gane ta ba. Gurasar da Bakano ke alfahari da ita a yau ana danganta ta da Larabawan da suka zauna birnin ta hanyar fataucin sahara, shawarma kuwa daga ƙasar Sham ta fito, mahaifar 'yan Labanan da suka fara zama Kano tun farkon ƙarni na 20, waɗanda S. A. Albasu ya rubuta tarihinsu a 1995. Bambancin gurasa da shawarma bambancin daɗewa ne kawai. Ɗaya ta yi ƙarnoni har an manta baƙuwa ce, ɗayar kuma har yanzu ana tuna ranar zuwanta.

Yawuri tana bakin kogin Kwara, wanda aka fi sani a littattafai da Neja, a daidai inda kogin ya buɗe ya zama tafkin Kainji. Al'adar baka ta sanya ta cikin Banza Bakwai, lakabin da ya yi wa nazarin yankin illa fiye da yadda ake zato, domin ya koya wa ɗalibi tun daga aji ɗaya cewa nan gefe ne, Hausar gaske tana can wani wuri. Amma tarihin ciniki bai ɗauke ta gefe ba. Tana ɗaya daga cikin mashigan da ayarin fatake ke ƙetare kogi a kan hanyarsu daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, hanyar da Paul Lovejoy ya yi wa cikakken nazari a 1980. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun sauka Birnin Yawuri a 1830 suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806, kuma cikin abin da suka rubuta game da garin har da yawan shinkafar da ake nomawa da kyawunta, tare da albasa da alkama da taba da baba. Ke nan kusan shekara 200 da suka wuce baƙon da ya zo daga Ingila ya lura da abubuwa biyun da har yau ake sanin Yawuri da su a gona, shinkafa da albasa. A ƙarshen ƙarni na 19 ne hedikwatar masarautar ta koma Yelwa, a zamanin Sarki Abdullahi Abarshi, Birnin Yawuri kuma yanzu yana cikin ƙaramar hukumar Ngaski.

Waccan hanya ta Gwanja ba goro kaɗai ta ɗauka ba. Duk wanda ya san Ankara ko Kumasi ya san wakye, shinkafa da wake da 'yan Gana ke ci da safe, sunan da ya fito daga waken Hausa. Ya san koko da ƙosai da ake kira da sunan Hausawa a can, ya san tuwon zafi na arewacin ƙasar, ya san tsiren da suke kira cicinga. A Sudan ana sayar da agashe, a Kamaru ana sayar da soya. A waɗannan birane abincin Bahaushe shi ne baƙon da aka karɓa, shi ne wanda matashin can zai fita nema da waya a hannu. Farfesa Mahdi Adamu, wanda ɗan Ngaski ne, ya nuna a littafinsa na 1978 yadda Hausawa suka yi tasiri a tarihin Afirka ta Yamma ta hanyar fatauci da malanta da zama a zango. Babin da ya rage a rubuta shi ne na tukunya: me fatake suka tafi da shi, me suka dawo da shi, kuma me suka ci a mashigin Yawuri yayin da suke jiran jirgin fito.

A nan ne maganar ta fi nauyi. Masarautar Yawuri ba ta taɓa zama ta al'umma ɗaya ba. Akwai Gungawa, mutanen tsibirai, waɗanda sunan da Hausawa suka ba su ya fito daga gungu, su kuwa suna kiran kansu Reshe. Akwai Kambari a yankin Ngaski da Wara, akwai Dukkawa, akwai Shangawa a arewa, akwai Lopawa da Larawa a gaɓar ruwa, akwai Sarkawa masunta da suka gangaro daga ƙasar Kabi, waɗanda asalinsu ke komawa ga Sorko na daular Songai ko da yake Hausa suke yi a yau. Ga Fulani makiyaya, ga Nufawa masu jirage, ga Yarbawa da Inyamurai da kasuwar kifi da ta albasa suka jawo, da kuma babbar hanyar mota da ta taso daga Ikko ta bi Ilori da Jaba da Kwantagora ta ratsa Yelwa zuwa Jega da Sakkwato. Mai nazarin harshe zai ga wani abu a nan da mai yawon ɗanɗano ba zai gani ba. Hausa da Larabci 'yan gida ɗaya ne a rabe-raben harsunan duniya. Reshe da Kambari kuwa na reshen Kainji ne a cikin dangin Binuwai-Kwango, Shanga kuma harshen Mande ne, ɗan'uwan Busanci, mai dangantaka ta nesa da Bambara na ƙasar Mali. Idan da nisan harshe ake auna baƙuncin abinci, to tukunyar Bashangiya a ƙauyen da ke bakin Kwara ta fi ta ɗan Labanan da ke Bompai nisa da Bahaushen Kano. Fasfo ne kawai ya sa ake kiran ɗaya ta waje, ɗayar kuma ba a kiran ta komai.

Wanda ya sauka bakin ruwan Yelwa ranar kasuwa zai tarar da abin da babu gidan cin abinci a Abuja da zai iya jera masa. Giwan ruwa da ragon ruwa da yauni da bargi da tsage da faliya da ƙarfasa da tarwaɗa da ƙurungu, wasu ɗanye, wasu banda, wasu an shanya. Kowane da hukuncinsa a wurin mai girki: akwai wanda ya dace da farfesu, akwai wanda sai an kyafe shi yake daɗi, akwai mai ƙaya da yawa da ba a ba yaro, akwai mai maiƙo da ba ya son ƙarin mai. Akwai kuma warangi, ƙananan kifin nan da ake shanyawa a rana a auna da kwano, abincin mai ƙaramin ƙarfi da ke ba miya ɗanɗanon da nama ba ya bayarwa. 'Yan kasuwa na loda banda a kwali zuwa Anaca da Ibadan da Ikko, inda za ta shiga miyar da mai kama kifin bai taɓa ɗanɗanawa ba. A gefen tasha kuma mai tuwon shinkafa na zaune kusa da mai amala, mai teba da agushi na kallon mai shayi da ke soya ƙwai a kan Indomie, taliyar da asalinta daga Indunusiya take. Direban babbar mota da ya tsaya a nan yakan yi yawon ɗanɗano na ƙasashe da al'ummu da dama a cikin taku hamsin, ba tare da kowa ya ɗauke shi hoto ba.

Sai dai abin da ke kasuwa shi ne wanda ya tsira. Abin da ya kamata ya dami masu nazari shi ne wanda bai fito kasuwa ba, wato girkin cikin gida na mutanen tsibirai da na gaɓa kafin 1968. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. An tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200, aka mayar da su sababbin matsugunai da gwamnati ta gina da siminti. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibirai da yawa na Gungawa sun nutse, tare da fadamun da suke noman albasa da rani. Mutumin da aka ɗauke daga tsibiri aka ajiye a tudu an canza masa ƙasar noma, an canza masa itacen girki, an canza masa nisan da ke tsakanin murhunsa da ruwa, har ganyen da matarsa ke tsinka a bayan gida ta sa a miya ya canza. Kogi mai gudu da tafki mai kwanciya kuma ba kifi ɗaya suke haifarwa ba. A shekarun farko bayan cikar tafkin kamun kifi ya haura ƙwarai, faliya ta yi yawa, daga baya abin ya faɗo, har ya zamana a shekarun 1990 warangi na cikin abin da ya fi yawa a kamun masunta. Ayu da dorina, waɗanda farautarsu ta kasance abin alfaharin Sarkawa, sun yi ƙaranci, doka kuma ta ba su kariya.

Ba a yi sakaci da tafkin ba ta fuskar kimiyya. Tun a 1968 aka kafa aikin binciken tafkin Kainji tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya rikiɗe ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa. Jonathan Jenness ya yi nazarin masuntan yankin, Wolf Roder ya yi na manoman rani, sannan a shekarun 1990 aka yi aikin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus a kan bunƙasa kamun kifi a tafkin, inda aka ƙirga jirage da komaye da nauyin abin da ake kamawa. Duk waɗannan ayyuka sun bi kifi daga ruwa zuwa gaɓa, wasu sun bi shi har kasuwa. A bakin ƙofar gida suka tsaya, kuma ba laifinsu ba ne, domin ba abin da aka aike su ke nan ba. Abin da ke faruwa bayan an shiga da kifin zaure, sunan da ake kiran miyar, wanda ake fara zuba wa, abin da ake dafa wa mai jego, abin da amarya ke kai wa gidan miji, abin da ake ci ranar da aka yi babban kamu, abin da aka hana mai ciki, wannan fagen masu nazarin harshe da al'ada ne. Yarinyar da take da shekara 15 lokacin da ruwa ya ci tsibirinsu, wadda ta riga ta koyi girki a hannun uwarta a can, yanzu ta haura 70. Bayan ita babu wanda ya taɓa hura wuta a waɗancan murahu.

Akwai wata matsala da ta fi ta lokaci wuyar faɗa a gaban manazarta Hausa, domin ta shafi harshen da suke yi wa hidima. Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yawuri a farkon shekarun 1970, ya wallafa maƙala a 1975 a kan yadda Gungawa ke komawa Hausawa, ta hanyar shiga Musulunci da sauya harshe da sauya sana'a da tufafi. Abin da ya gani a lokacin bai tsaya ba. Harshen Shanga ya rage a ƙauyuka ƙalilan, Lopa da Laru ƙananan harsuna ne da Hausa ta kewaye, kuma yara da yawa a gidajen Reshe da Hausa suke tashi. Hausa a nan ita ce babban kifin. Idan harshe ya ja baya, kalmomin murhu na cikin waɗanda ke daɗewa ba su mutu ba, saboda mata ne ke riƙe da su kuma a cikin gida ake faɗarsu, amma idan suka tafi sukan tafi ba tare da shaida ba. Abincin da ke da suna na kansa a Reshe sai ya koma "miyar kifi" kawai, kamar sauran miyar kifi, bambancin da tsohon sunan ke riƙe da shi ya narke.

Haɗarin da ke gaban ɗalibin Hausa da zai je Yawuri shi ne ya ƙarasa wannan haɗiya da alƙalaminsa. Zai yi hira da Hausa, za a amsa masa da Hausa, zai koma ya rubuta babi mai taken abincin Hausawan Yawuri, ya zuba komai a ciki. Ta haka girkin Bagunge da na Bakambare za su shiga kundi a matsayin reshen abincin Bahaushe, asalinsu ya ɓace a daidai wurin da ya kamata a adana shi. Wannan ba hidima ba ce ga Hausa. Ilimin da ya san albasa daga Larabci take, ya kuma rubuta hakan a ƙamus ba tare da jin an rage masa komai ba, bai kamata ya ji nauyin rubuta cewa wata miya daga Reshe take ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane abinci a rubuta sunansa a harshen mai dafa shi kafin sunansa na Hausa, a rubuta ƙauyen, a rubuta ko daga tsibiri iyalin suka taso, a kuma tambayi mai girkin a wurin wa ta koya. Inda sunan Hausa ne kaɗai ya rage, a faɗi haka. Inda kuma kalmar Reshe ko ta Kambari ta shiga Hausar Yawuri ta zauna, to an samu abin da nazarin karin harshe ke nema, wato aro daga ƙananan harsuna zuwa Hausa, wanda bai samu kulawar da aro daga Larabci da Ingilishi ya samu ba.

Za a ce wannan aikin sashen kimiyyar harshe ne ko na nazarin halayyar ɗan Adam, ba na sashen Hausa ba. Hujjar tana da ƙarfi a takarda. A aikace kuwa, wa ke da ɗaliban da za su iya zama da tsohuwa a Wara ko Shanga su yi hira ta awa uku? Harshen da za a yi hirar da shi Hausa ne, ko an so ko an ƙi, kuma sassan da ke yaye masu iya rubuta shi da ƙa'ida su ne na Hausa da na harsunan Nijeriya, a Sakkwato da Kano da Zariya da Katsina da kwalejojin ilimi irin ta Adamu Augie da ke Argungu. Cibiyar da Jami'ar Bayero ta gada tun 1969 ma sunanta na nazarin harsunan Nijeriya ne, ba na Hausa kaɗai ba. Idan waɗannan suka ce ba nasu ba ne, babu wani a bayansu da zai ɗauka.

Za a kuma ce abinci ƙaramin batu ne, bai kai waƙa ko sarauta ko nahawu ba. Wannan ra'ayi ba a cika furta shi ba, amma ana ganin sa a yadda ake raba batutuwan bincike, inda girki kan faɗa hannun ɗalibar digiri na farko a matsayin abu mai sauƙi, a sallame ta da jerin sunaye da kayan haɗi. Sakamakon yana cikin ƙamusoshi. Bargery a 1934 ya yi ƙoƙarin nuna garin da kalma ta fito, abin da ya sa har yau ake komawa gare shi, amma mai neman sunayen kifi a ƙamusoshin Hausa yakan ci karo da bayani irin na "wani irin kifi" a wurare da dama, bayanin da masunci ɗan shekara goma a Yelwa zai yi wa dariya. Al'ummar da ke rayuwa a kan ruwa tana da kalmomi na sassan jikin kifi, da matakan girmansa, da matakan kyafewa, da irin itacen da hayaƙinsa ke gyara banda da wanda ke ɓata ta. Rashin waɗannan a ƙamus ya nuna inda masu tattara kalmomi suka zauna, bai nuna iyakar harshen ba.

Akwai kuma abin da kunya ko tsoron zargi ke sa a tsallake. A tsakanin al'ummun yankin da ba su musulunta ba, ko kafin su musulunta, giyar dawa tana da matsayi a gayya da biki da makoki, kuma akwai naman da ake ci da Musulunci bai halatta ba. Ɗalibi Musulmi na iya ganin rubuta wannan tamkar yarda da shi ne, ko kuma tona asirin kakannin mutanen da yanzu limamai ne. Malaman da suka rubuta a kan bori da tsafin Maguzawa ba su zama 'yan bori ba, kuma da ba su rubuta ba da an yi asarar babban sashe na tarihin Bahaushe. Abin da ake bukata shi ne ladabi wajen tambaya da izinin mai ba da labari, da barin sunansa idan ya nemi a bari. Matsalar tsaro ita ce uzurin da ya fi gaskiya. Sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021 ya isa ya sa kowane malami ya yi tunani kafin ya tura ɗalibi ƙauyukan Ngaski ko Shanga. Amma wannan hujja ce ta a ba 'yan yankin aikin, waɗanda ke zuwa gida hutu ko an aike su ko ba a aike su ba, kuma kakanninsu ne ake son a yi hira da su. Rashin tsaron da kansa yana ƙara gaggauta aikin, domin duk ƙauyen da aka tasa an sake raba tsohuwa da murhunta karo na biyu.

A nan ne mai yawon ɗanɗano na birni ke da abin koyar da jami'a. Duk da gaggawarsa, yana yin abubuwan da kundaye da yawa ba sa yi. Yana zuwa wurin da kansa. Yana faɗin ranar da ya je da kuɗin da ya biya. Yana nuna hoton abin da aka ba shi, wani lokaci har ya shiga madafa ya tambayi mai girki. Yana kuma ɗaukar abincin da muhimmanci, yana ganin ya isa a yi magana a kansa. Wanda zai nazarci rayuwar Abuja nan da shekara 50 zai samu bayanin farashin shawarma a Wuse dalla-dalla, da hoto da murya. Wanda zai nemi yadda ake dafa yauni a Ngaski a wannan zamani kuwa, balle a 1960, zai dogara ne ga abin da wani ya ga dama ya rubuta yanzu. Wayar da ke ɗaukar hoton akushi a Maitama ita ce dai ke aljihun ɗalibin da ya fito daga Yelwa.

Canjin ba ya jiran kowa. Dunƙulen Maggi, wanda asalinsa daga Suwizalan yake, ya riga ya ture daddawa a tukwane da yawa. Kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga tekun wasu nahiyoyi yana isa kasuwannin arewa, wani lokaci da arha fiye da na kogi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kabi a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafa don sayarwa ya ƙara ƙarfi a jihar, irin da injin casa ke so kuma shi ne manomi zai shuka. Tsohuwar shinkafar Afirka mai jan bawo, wadda aka fara nomawa a fadamun wannan kogi can ƙasar Mali shekaru dubbai da suka wuce, tana da sunaye na gida a duk inda aka san ta, kuma sunayen kan bi irin idan ya tafi. Babu mai cewa a hana uwargida dunƙule ko a tilasta wa manomi irin da ba ya biyan bashi. Mutane na da 'yancin cin abin da ya sauƙaƙa musu. Abin da ke wuyan masu ilimi shi ne kada sauyin ya wuce ba a rubuta abin da aka sauya ba.

Yawuri ba ta rasa masu fahimtar darajar wannan ba. Sarkinta na yanzu, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, kujerar da Mahdi Adamu ma ya riƙe. Bikin Rigata da ake yi a bakin ruwan Yelwa yana tara al'ummun masarautar wuri guda, da tseren jirage da ninƙaya da wasannin ruwa, kuma zai iya zama mafarin sanin wa za a bi gida a yi hira da shi, ko da yake abincin da ake dafawa don baƙin biki ba shi ne na ranar Talata a gida ba. Aikin kansa ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ɗalibai huɗu ko biyar 'yan masarautar, aƙalla rabinsu mata saboda su ne za a bari su shiga cikin gida, kowa da ƙauyukan da ya sani, da malamin harshe ɗaya da zai taimaka wajen rubuta sautukan Reshe da Kambari da Shanga daidai, da jami'in cibiyar Sabuwar Busa ɗaya da zai tabbatar da wane kifi ake nufi da wane suna, tunda suna ɗaya kan iya nufin kifi daban a gaɓa daban.

Sharaɗi ɗaya ne ba za a iya sassautawa ba, shi ne tsawon lokaci. Kwara a wannan yanki sau biyu take cika a shekara. Akwai cikar damina, wadda ruwan saman ƙasar nan ke kawowa da laka a jikinsa, sannan akwai ta biyu da ke isowa cikin hunturu, ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini ya yi watanni a hanya har ya tace. Kamun kifi da noman albasa da shukar bakin tafki duk suna bin wannan hawa da sauka, tukunya kuma tana bin su. Ɗalibin da ya je hutun mako biyu zai dawo da abincin mako biyu. Wanda ake so ya rubuta girkin Yawuri sai an ba shi shekara guda cur, daga cikar ruwa zuwa cikar ruwa, kuma a fara da ƙauyukan da aka taso daga tsibirai, a fara da matan da suka fi tsufa a cikinsu.